Hoton kai ya fito lafiya, amma yaron bai warke ba

"Likita ya ce babu komai a kansa." Da wannan magana uba yake fitowa daga sashen hoto na asibiti, fuska a sake. Ɗansa mai shekara 15 ne ya yi karo da wani yaro shekaranjiya, sun tashi sama tare neman ƙwallo, kai ya haɗu da kai. Ya faɗi, ya miƙe yana tangaɗi, ya tambayi abokansa ci nawa ne har sau uku. An biya kuɗi, an tura shi cikin na'ura, hoto ya fito fes. Ranar Asabar sai ga shi a fili, ya ɗaure takalmi.

Likitan bai yi ƙarya ba. Abin da yake nufi shi ne jini bai taru a cikin kai ba, ƙashi bai tsage ba. Abin da uban ya ji shi ne yaro ya warke. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata ta makonni, kuma a cikin wannan ratar ake samun yaran da ke nakasa. Ra'ayina shi ne hoton ƙwaƙwalwa, na yau da kullum da na zamani mai launuka, bai cancanci a ba shi hukuncin ranar da yaro zai koma fili ba. Abin mamakin kuma, binciken da aka yi da na'urorin hoton da kansu ne ya fi ƙarfafa wannan matsayi.

Sai an san abin da ke faruwa a cikin kan, wato abin da ake kira girgizar ƙwaƙwalwa, kafin a gane dalili. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, kusan kamar awara kafin a soya ta, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya tsaya cak ko ya juya farat ɗaya, ƙoƙon ya tsaya, ita kuwa ta ci gaba da tafiya, ta murɗe. Ba ma sai an bugi kan ba, bangaza mai ƙarfi a ƙirji ko kafaɗa ta isa. Siraran zaruruwan da ke kai saƙo daga wani sashe zuwa wani sai su miƙe fiye da ƙima, sinadarin fotasiyam ya kwarara daga cikin ƙwayoyin jijiya, kalsiyam ya shiga. Don mayar da komai mazauninsa, ƙwayoyin na ƙona sukari da yawa, a daidai lokacin da jinin da ke kawo sukarin ya ragu. Christopher Giza da David Hovda na jami'ar UCLA a Amurka sun tsara bayanin wannan jerin abubuwa tun 2001, kuma shi ne ginshiƙin fahimtar girgizar ƙwaƙwalwa har yau. Ka ɗauka unguwa ce da aka kawo mata wuta marar ƙarfi. Falwaya na tsaye, wayoyi a ɗaure, ba abin da ya tsinke, amma fanka da ƙyar take juyawa. Wanda ya ɗauki hoton unguwar daga sama zai ce komai lafiya.

Haka hoton CT yake. Hasken eksire ne yake zagaya kai, kwamfuta ta yanka hoton falle-falle. Ya ƙware wajen nuna ƙashi da sabon jini, kuma cikin 'yan mintuna an gama. Raunin da ɗan ƙwallon ƙafa Raul Jimenez ya samu a watan Nuwamban 2020, lokacin da suka yi karo da David Luiz ƙoƙon kansa ya tsage, ko karayar ƙasusuwan fuskar Victor Osimhen a 2021, irin aikin CT ke nan. Amma kaurin zaren jijiya ɗaya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, ƙaramin ɗigon da na'urar asibiti ke iya rarrabewa kuwa yana kusa da milimita guda. Don haka yaron da ya samu girgizar ƙwaƙwalwa zalla hotonsa zai fito lafiya. Hoto mai tsabta bai kore ciwon ba, shi ne ma abin da ake tsammani.

Wannan ba kira ba ne ga a guji hoto. Akwai yaron da CT ne zai ceci ransa, kuma an san siffarsa. A 2009 mujallar Lancet ta wallafa binciken wata ƙungiyar likitocin gaggawa na yara a Amurka da ake kira PECARN, a kan yara fiye da 42,000 da aka kai asibiti bayan buguwar kai. Waɗanda raunin nasu ya kai na haɗari ba su cika ɗaya cikin ɗari ba. Daga nan suka fitar da alamu shida ga yaro mai shekara 2 zuwa sama. Biyu daga ciki suna wajabta hoto kai tsaye: hankalin yaro bai dawo daidai ba, wato yana ruɗewa, yana gyangyaɗi, yana maimaita tambaya ko yana jinkirin amsawa, sai kuma alamar tsagewar gindin ƙoƙon kai, kamar ruwa garai-garai na fita ta hanci ko kunne, ko jini ya kwanta a bayan kunne ko kewayen idanu biyu. Sauran huɗun su ne suma, amai, ciwon kai mai tsanani, da buguwa mai muni irin faɗowa daga tsayin da ya haura mita ɗaya da rabi. A waɗannan likita na iya zaɓar ya ajiye yaron ya sa masa ido na wasu sa'o'i, in abu ya ƙaru a yi hoto. Yaron da ba shi da ko ɗaya cikin shidan, haɗarin samun mummunan rauni a kansa bai kai ɗaya cikin 2,000 ba.

Abin da ake tsoro shi ne jijiyar jinin da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashin ya fi siranta. In ta yage, jini na taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Yaro na iya tashi ya yi magana, har ya ci abinci, bayan awa biyu ko uku ya soma barcin da ba ya tasuwa. Hoton da aka yi da wuri sosai ma yana iya riga jinin taruwa. Shi ya sa ko da takardar hoto mai kyau a aljihu, in ciwon kai na ƙaruwa, ko amai ya yi ta maimaituwa, ko jiki ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ko yana ganin abu bibbiyu, komawa asibiti ake yi a daren, ba a jiran gari ya waye.

To me zai hana a yi wa kowa hoton, hankali ya kwanta? Na farko, hasken ba kyauta yake ba. Masu bincike a jami'ar Newcastle ta Ingila sun bi diddigin yara da matasa fiye da 170,000 da aka yi wa CT, suka wallafa a 2012 cewa hoton kai biyu zuwa uku a ƙuruciya na iya ninka haɗarin kansar ƙwaƙwalwa kusan sau uku. A lissafin zahiri abin kaɗan ne: a cikin hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10, ana sa ran ƙarin kansar ƙwaƙwalwa ɗaya da kansar jini ɗaya cikin shekara goma. Ga yaron da ake zargin jini na zuba a kansa, wannan ba abin tsayawa lissafi ba ne. Ga yaron da ba shi da alama ko ɗaya, an ɗora masa haɗari ne ba riba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta faɗi haka a ƙa'idojinta na 2018: kada a mai da hoto al'ada ga yaro mai ƙaramar buguwar kai. Na biyu shi ne wanda na fara da shi, hoto mai tsabta kan zama lasisin komawa fili.

MRI ba ya amfani da eksire, maganaɗisu ne, kuma ya fi CT ganin naman ƙwaƙwalwa. Sai dai yana cin rabin awa ko fiye, ga tsada, kuma a girgizar ƙwaƙwalwa shi ma galibi lafiya yake fitowa. Yana da tasa matsalar. A wani babban bincike na Amurka da aka ɗauki hoton yara fiye da 11,000 masu shekara 9 zuwa 10, waɗanda ba wani ciwo ya kai su ba, kusan ɗaya cikin biyar an ga wani abu a kansu, yawanci 'yar jakar ruwa ko bambancin halitta da ba ya cutarwa. Ka yi tunanin uwar da aka nuna wa irin wannan ɗigo mako guda bayan ɗanta ya faɗi a fili. Ɗigon na nan tun haihuwa, amma wa zai gamsar da ita?

Inda labarin ya fi daɗi shi ne na'urorin bincike. Da injin MRI ɗin nan dai, ana iya sauya yadda ake auna abu. Wata hanya da ake kira DTI tana bin motsin ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. A zaruruwa masu lafiya ruwa na bin tsawonsu ne, kamar yadda yake bin zaren rake, in zaruruwan sun kumbura ko sun sassauta sai tafiyar ruwan ta sauya. Wata hanyar tana auna yawan jinin da ke isa kowane sashe ba tare da allura ba. Wata tana duba sassan da ke aiki tare yayin da mutum ke kwance shiru ko yana warware tambaya. Wata kuma tana auna sinadarai, musamman wanda ake kira NAA, da ke raguwa idan ƙwayoyin jijiya suna fama da ƙarancin kuzari.

Abin da waɗannan hanyoyi suka nuna ya yi kama da juna. A jami'ar Western da ke Ontario a Kanada, an ɗauki yara maza 17 masu shekara 11 zuwa 14, 'yan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da suka samu girgizar ƙwaƙwalwa, aka kwatanta su da takwarorinsu 26 da ba su bugu ba. An yi musu hoto cikin kwana uku na farko, aka sake bayan wata uku. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna cewa bayan wata ukun, lokacin da gwaje-gwajen asibiti suka koma daidai kuma yaran sun daɗe da komawa wasa, har yanzu akwai bambanci a zaruruwan ƙwaƙwalwarsu da yadda sassanta ke haɗa kai. Kafin nan, a 2010, Roberto Vagnozzi da abokan aikinsa a Italiya sun bi 'yan wasa 40: ciwon kai da jiri sun ɗauke cikin kwana 3 zuwa 15, amma sinadarin NAA bai koma daidai ba sai wajen kwana 30. Masu bincike na jami'ar Purdue kuwa sun sa na'urar auna bugu a hulunan 'yan sakandare masu zari-rugar Amurka, suka gano wasu yaran da ba a taɓa cewa sun samu girgiza ba, ba su koka da komai ba, amma aikin ƙwaƙwalwarsu ya sauya a tsakiyar kakar wasa, kuma su ne masu yawan shan ƙananan bugu a gaban kai.

Darasin a fili yake: baki na riga ƙwaƙwalwa cewa "na warke."

Nan ne wasu za su ce, to ai shi ke nan, a yi wa kowane yaro irin wannan hoton, in ya koma daidai a sake shi. Da ma haka abin yake. Waɗancan hotuna masu ja da ruwan ɗorawa da ake gani a labarai ba hoton kan yaro ɗaya ba ne. Lissafi ne: an tara ma'aunin yara goma sha, an fitar da matsakaici, an kwatanta da matsakaicin wasu, sannan aka shafa launi a inda bambancin ya fito. In ka zare yaro guda daga cikin waɗanda suka bugu, sau da yawa ma'auninsa na cikin iyakar na masu lafiya. Ma'aunin DTI ma ba ya bin hanya ɗaya, a wani binciken ya hau bayan bugu, a wani ya sauka, gwargwadon ranar da aka auna. Injin wannan asibiti da na wancan ba sa ba da lamba ɗaya ga kai ɗaya. Ɗan motsin kai na milimita biyu a cikin injin na iya ƙirƙirar bambanci, kuma ba wanda ya kai ɗan shekara 13 motsi. Barcin daren jiya da kofin shayi mai kauri suna taɓa ma'aunin jini. Uwa uba, ƙwaƙwalwar matashi gini ne da ba a gama ba, ana ci gaba da lulluɓe zaruruwanta har ya haura shekara 20, saboda haka ko bai bugu ba hoton watan Janairu ba zai zama na watan Yuni ba. Sauyin da aka gani bayan wata uku kuma yana iya zama ragowar rauni, yana iya zama ƙwaƙwalwa ce ke buɗe sabuwar hanya don ta rama, hoton ba ya bambance su.

Saboda haka taron ƙwararru na duniya kan girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni, karo na shida, da aka yi a Amsterdam a watan Oktoban 2022, ya ajiye waɗannan hotuna a matsayin kayan bincike, ba kayan yanke hukunci a kan marar lafiya ba. Duk wanda ya ce zai karɓi kuɗinka ya nuna maka girgizar ƙwaƙwalwar ɗanka da launi, ya riga ilimin isa inda ilimin bai kai ba. Gwajin jinin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2018 ma ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Sinadarai biyu yake aunawa don taimaka wa likita ya san ko babban mutum na buƙatar CT, ba ya tabbatar da girgiza, ba ya cewa an warke.

Dubi yaran da mutuwarsu ko nakasarsu ta sauya doka. Zackery Lystedt yana da shekara 13 a 2006 lokacin da kansa ya bugi ƙasa a wasan makaranta a jihar Washinton. An fitar da shi na ɗan lokaci, aka mayar da shi, a ƙarshen wasan ya yanke jiki ya faɗi, sai da aka buɗe kansa. Ya rayu da nakasa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ya samu girgiza a cire shi, kuma ba zai dawo ba sai da rubutaccen izinin ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 kowace jiha a Amurka ta yi irinta. Rowan Stringer kuwa 'yar shekara 17 ce a Ottawa da ke Ontario a Kanada, kyaftin ɗin ƙungiyar zari-rugar makarantarsu. Ta bugu sau biyu cikin ƙasa da mako guda, ta gaya wa ƙawayenta ta saƙon waya cewa kanta na ciwo, ba ta gaya wa manya ba. A bugu na uku, a watan Mayun 2013, ƙwaƙwalwarta ta kumbura ta rasu. Ontario ta yi dokar Rowan a 2018. Dukkansu biyun a ƙasashen da na'urar hoto ke ko'ina suke. Abin da ya rasa shi ne babban da zai ce, "Zauna, ka gama na yau."

Kuma manya ma na kasawa. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya sha kafaɗa a fuska, ya ci gaba da wasa kusan minti goma sha huɗu, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Sai a watan Yulin 2024 aka shigar da damar ƙarin canji saboda buguwar kai cikin dokokin ƙwallon ƙafa na dindindin.

Mu nan abin ya shafe mu ta hanyar da ta fi sauƙi. Filayenmu busasshiyar ƙasa ce, maganin wanda ya bugu shi ne a kwara masa ruwan leda a ka a ce ya nuna shi namiji ne, yaron da ke fatan wani ya gan shi ya kai shi gwaji kuwa ba zai taɓa cewa yana jin jiri ba. A fagen dambe kuma, inda samari ke farawa da ƙuruciya, wanda aka kashe yau yana iya ɗaure hannu gobe. Ba a buƙatar na'ura don gyara wannan. Mafi yawan masu girgizar ƙwaƙwalwa, kusan tara cikin goma, ba sa suma, saboda haka kada koci ya jira suma. Ya dubi wanda ya daɗe bai tashi ba, ko ya tashi yana layi, ko ya yi zuru da ido, ko ya kama gudu zuwa ragar da ba ita ba. Ya tambaye shi: wane fili muke, kafin hutun rabin lokaci ne ko bayansa, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa muka buga wasan da ya wuce, mun ci ko an ci mu? Kuskure ɗaya ya isa. Amsa su duka daidai kuma ba ta wanke wanda aka gani yana tangaɗi ba. In yana kukan wuya, ba a ɗaga shi ba a murɗa kansa har sai an samu mai sani.

Bayan likita ya duba, tsarin da aka amince da shi ba wahala. Awa 24 zuwa 48 na farko hutu ne mai sauƙi: ya yi zirga-zirgar gida, ya rage kallon waya, a bar shi ya yi barci, wani babba na kusa da shi. Farasitamol ya isa ga ciwon kai, a guji asfirin a ranar farko saboda yana tsinka jini. Kulle yaro a ɗaki mai duhu na mako guda, wanda a da ake ganin shi ne daidai, an gano yana ja wa ciwon tsawo. Daga nan sai tafiya da sauri, sai sassarfa, sai atisaye shi kaɗai da ƙwallo a ƙafa ba sa kai, sai atisaye da 'yan ƙungiya ba gogayya, sai cikakken atisaye, sannan wasa. Kowane mataki aƙalla awa 24. Ɗan ƙaruwar ciwo da ke wucewa cikin awa guda ba komai a matakan farko, wanda ya fi haka a dakata a sake gwadawa washegari. Aji na gaba da fili: yaron da bai iya zaman darasi ba tare da ciwon kai ba bai isa shiga gogayya ba. Wani bincike a Kanada a kan yara kusan 3,000 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku suna da sauran alamu bayan kwana 28. Wanda ya haura mako huɗu haka, ko alamunsa ke ƙaruwa, shi ne ya dace ya ga likitan jijiyoyi, kuma a nan MRI na da amfani, don a tabbatar ba wani abu daban ke ɓoye ba.

Birtaniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023 don wasannin unguwa da makarantu, ta yanke magana da lamba: ba atisayen gogayya sai an yi kwana 14 ba alama, ba shiga gasa kafin kwana 21 daga ranar bugu. Ina ganin makarantu da ƙananan ƙungiyoyinmu su ɗauki wannan lamba yadda take, domin ba ta dogara da samun ƙwararren likita a kusa ba, kuma koci ba zai iya yi mata ciniki ba. In karon ya faru ranar Asabar 1 ga wata, yaron zai kalli wasan 8 ga wata da na 15 daga benci. Asabar 22 ga wata ce ranar farko da za a yi maganar sa shi, in har ya yi kwana 14 bai sake jin ciwon kai ko jiri ba kafin ya shiga cikakken atisaye.